Idin Tsarkakewa: Labarin Hanuka da Darasinsa ga Masu Bin Almasihu

Karatu: Yahaya 10:22-39

Kowace shekara, sa'ad da hunturu ya kama a ƙasarmu muna shirin Kirsimati, Yahudawa ko'ina cikin duniya sukan kunna fitilu a tagogin gidajensu har kwana takwas. Sunan wannan idi Hanuka, kalmar Ibrananci ce mai ma'anar keɓe abu a miƙa shi ga Allah. Yakan fara ran 25 ga watansu na Kislef, wanda yake faɗowa tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba.

In ka buɗe Littafin Firistoci sura 23, inda aka jera idodin da Allah ya ba Musa, ba za ka sami Hanuka ba. Cikin littattafai 66 da muke karantawa a majami'unmu, wuri ɗaya tak aka ambaci wannan idi, wato cikin Bisharar Yahaya, inda aka ce da shi Idin Tsarkakewa, aka kuma nuna mana Yesu yana cikin Haikali a lokacin. To, ina aka samo idin? Me kuma ya sa Yahudawan da suka ba da gaskiya ga Yesu suke riƙe da shi har yau? Amsar tana cikin shekaru wajen 400 da suke tsakanin annabi Malakai da Bisharar Matiyu.

Yadda ɓarna ta shigo

A shekara ta 332 kafin haihuwar Almasihu, Iskandari Mai Girma, sarkin Makidoniya, ya ci ƙasar Yahudiya. Ya mutu a Babila a 323, jarumawansa suka raba mulkin. Yahudiya ta zauna ƙarƙashin sarakunan Masar fiye da shekara ɗari, daga baya ta koma hannun sarakunan Suriya. Dukansu Helenawa ne, duk inda suka je kuwa sai su kai harshensu da wasanninsu da gumakansu.

A 175 wani sarki mai suna Antiyokus na Huɗu ya hau gadon sarautar Suriya. Ya laƙaba wa kansa suna Afifanis, wato allah da ya bayyana. Waɗansu mutanen zamaninsa sukan ɗan karkata sunan a bayan idonsa su ce Afimanis, wato mahaukaci.

Amma ku lura, 'yan'uwa, ba daga Suriya ɓarnar ta fara ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wani mutum mai suna Yason, ƙanen babban firist Oniya, ya je wurin sarki ya yi masa alkawarin kuɗi mai yawa, aka tuɓe wansa aka naɗa shi. Ya gina filin wasannin Helenawa a Urushalima kusa da Haikali. Firistoci suka riƙa barin hidimar bagade suna gudu zuwa kallon wasa, waɗansu samari kuma suka ji kunyar kaciyarsu har suka nemi hanyar ɓoye ta. Bayan shekara uku wani mai suna Menelawus ya ƙara talanti 300 na azurfa a kan abin da Yason yake biya, shi ma ya saye kujerar. Matsayin Haruna ya zama kayan kasuwa, wanda ya fi tayi shi ne ya ɗauka.

A 169 Antiyokus ya shiga Haikali ya kwashe bagaden zinariya da alkuki da teburin gurasa. A 168 ya kai wa Masar yaƙi, sai wani jakadan Roma mai suna Fofiliyus ya tare shi kusa da Iskandariya, ya zana da'ira a ƙasa kewaye da shi, ya ce kada ya fita daga ciki sai ya faɗi ko zai janye. Sarki ya janye da kunya. Fushin da bai iya saukewa a kan Roma ba, a kan Urushalima ya sauke shi.

A 167 aka yi shela cewa an hana kaciya, an hana kiyaye Asabar da idodi, wanda kuma aka same shi da littafin Attaura hukuncinsa kisa ne. Aka mai da Haikalin Ubangiji ɗakin gunkin Zafsa, aka gina bagaden arna bisa bagaden hadaya ta ƙonawa. Ran 25 ga Kislef aka miƙa hadaya a kansa. Aka tilasta wa mutane su yanka alade su ci. Wannan ƙazanta ce masu nazari da yawa suke gani cikin Daniyel 11:31, Yesu kuma ya ɗauki kalmar Daniyel ɗin nan cikin Matiyu 24:15 ya yi gargaɗi a kan abin da yake zuwa.

Waɗanda suka ƙi

Labarin kwanakin nan yana cikin littattafan Makabiyawa na ɗaya da na biyu. Suna cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika da na Otodoks. Ikilisiyoyin Furotesta ba su lasafta su cikin hurarriyar Magana ba, amma suna ɗaukarsu littattafan tarihi masu amfani.

An kama mata biyu da suka yi wa 'ya'yansu kaciya, aka rataya musu jariran a ƙirji, aka zaga gari da su, aka jefo su daga kan garu. Mutum wajen 1,000, maza da mata da yara, suka ɓuya cikin kogwanni, sojoji suka auka musu ran Asabar, suka ƙi ɗaga hannu don kada su karya Asabar, aka kashe su duka.

Akwai wani tsohon malamin Attaura mai suna Ele'azara, shekararsa 90. Aka buɗe bakinsa ƙarfi da yaji aka tura masa naman alade, ya tofar. Masu lura da hadayar sun san shi tun da daɗewa, sai suka ja shi gefe suka ba shi shawara ya kawo nasa naman mai halal, ya ci a gaban jama'a kamar na sarki yake ci, ya tsira da ransa. Ku duba irin wannan gwaji. Ba wanda zai ce haram ta shiga cikinsa. Amma tsohon ya ƙi, domin ya san samari suna kallo, za su kuwa ce Ele'azara ya bar addininsa da furfura a kansa, su bi sawunsa su ɓata. Ya gwammace ya mutu da bulala da ya sayi 'yan kwanaki kaɗan da riya.

Haka kuma wata uwa da 'ya'yanta bakwai. Aka yi musu azaba ɗaya bayan ɗaya a gabanta cikin yini guda, tana ƙarfafa su da harshen kakanninsu, suna shaida cewa Allah zai tashe su daga matattu. Daga ƙarshe ita ma ta mutu. Masu fassara da yawa suna ganin su ne marubucin Ibraniyawa yake tunawa cikin sura 11 aya 35, inda ya yi zancen waɗanda aka gana musu azaba suka ƙi fansar kansu saboda begen tashi mafi kyau.

Matatiya da 'ya'yansa

A wani ƙauye mai suna Modin, arewa maso yamma da Urushalima, akwai tsohon firist mai suna Matatiya da 'ya'yansa maza biyar: Yahaya, Saminu, Yahuza, Ele'azara da Jonatan. Wakilin sarki ya zo ya ce masa ya fara miƙa hadaya, tun da shi ne babba a garin, za a sa shi cikin abokan sarki, a ba shi azurfa da zinariya. Matatiya ya ƙi. Da wani Bayahude ya matso zai miƙa hadayar, sai Matatiya ya kashe shi, ya kashe wakilin sarki, ya rushe bagaden, ya gudu zuwa duwatsu da 'ya'yansa. Masu kishin Shari'a suka bi shi.

Matatiya ya rasu a 166, ɗansa Yahuza ya karɓi jagora. Ana ce da shi Makabi, sunan da yawancin masana suke fassarawa da guduma. Mutanensa kaɗan ne, makamansu ba su taka kara sun karya ba, amma sun san kowane kwari da kowane dutse na ƙasar. Suka ci sojojin Suriya a hawan Bet-horon. A Imuwasu fatake sun riga sun taru da kuɗi don su sayi Yahudawa bayi. Wani jarumin sarki ya fita da dare da sojan ƙasa 5,000 da mahaya 1,000 don ya mamaye Yahuza, amma Yahuza ya riga ya tashi da mutum 3,000, da gari ya waye ya faɗa wa sansanin da suka bari a baya, ya cinna masa wuta.

A ƙarshen 164 suka hau Dutsen Sihiyona. Suka tarar an ƙone ƙofofi, ɗakunan firistoci sun rushe, ciyayi da sarƙaƙiya sun tsiro a farfajiyar Haikali kamar a jeji. Suka yayyage tufafinsu, suka zuba toka a ka, suka yi kuka. Sa'an nan suka kama aiki. Yahuza ya zaɓi firistoci amintattu, suka kwashe duwatsun gumaka, suka gina sabon bagade da duwatsun da ba a sassaƙa ba yadda Shari'a ta umarta, suka yi sabon alkuki, suka kunna fitilu. Ran 25 ga Kislef, shekara uku daidai da ranar da aka ƙazantar da wurin, aka miƙa hadayar safe. Suka yi biki kwana takwas da ganyen dabino a hannu, irin na Idin Bukkoki, gama a lokacin idin nan suna yawo cikin duwatsu da kogwanni kamar namun jeji, ba su sami yinsa ba. Suka kafa doka a riƙa yin haka kowace shekara.

Akwai abu ɗaya da ya gagare su. Tsohon bagaden na Allah ne, ba a jefar da shi a juji. Amma an ƙazantar da shi, ba a sāke miƙa hadaya a kansa. Sai suka rushe shi, suka ajiye duwatsun a wani wuri kan dutsen Haikali, suka ce a bar su nan sai wani annabi ya zo ya faɗi yadda za a yi da su. Ku riƙe zancen duwatsun nan, za mu komo gare shi.

Zancen mai

Labarin da aka fi sani game da Hanuka yana cikin Talmud, littafin koyarwar malaman Yahudawa, wanda aka tattara ɗaruruwan shekaru bayan abin ya faru. An ce da suka shiga Haikali, tulu ɗaya kaɗai na man zaitun suka samu da hatimin babban firist, mai na kwana ɗaya ne, amma ya yi kwana takwas yana ci har aka tatso sabo. Littattafan Makabiyawa ba su kawo wannan labari ba. Amma tun ƙarni na farko Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ce jama'a suna kiran idin da sunan Haske.

Alkukin Haikali fitila bakwai gare shi, kamar yadda aka tsara cikin Fitowa 25. Na Hanuka tara gare shi: takwas domin kwanakin idi, ta tara kuwa ana ce da ita shamash, wato mai hidima, da ita ake kunna sauran. Manyan makarantun malamai biyu sun yi gardama a kan yadda za a kunna. Almajiran Shammai suka ce a fara da takwas ana ragewa. Almajiran Hillel suka ce a fara da ɗaya ana ƙarawa, domin cikin abin tsarki gaba ake ci, ba a komawa baya. Maganar Hillel ake bi har yau. Akan ajiye fitilar a taga ko a ƙofa domin masu wucewa su gani. Akan raira Zabura 113 zuwa 118, a ci abincin da aka soya da mai, kamar wainar dankali da wani irin fanke mai zaƙi. Ran Asabar ta cikin idin kuma akan karanta wahayin Zakariya na alkukin zinariya, inda Ubangiji ya gaya wa Zarubabel cewa Ruhunsa ne zai gama aikin, ƙarfin mutum da ikonsa ba za su iya ba.

Tsarkakewar da ba ta dawwama ba

Yahuza ya mutu a bakin daga a 160. Ƙanensa Jonatan ya zama babban firist a 152, Saminu kuma ya sami 'yancin ƙasar a 142. Amma jikokinsu suka haɗa sarauta da aikin firist, suka ɗauki sunayen Helenawa da halinsu. Yusufus ya rubuta cewa ɗaya daga cikinsu, Iskandari Yannayus, ya gicciye Yahudawa 800 da suka tayar masa. Daga baya 'yan'uwa biyu na gidan suka yi ta faɗa a kan gadon sarauta, kowa yana neman goyon bayan Roma. A 63 jarumin Roma, Fomfe, ya ci Urushalima, ya shiga har Wuri Mafi Tsarki. Shekara ɗari ke nan bayan tsarkakewar Yahuza. Takobi ya iya korar gunki daga Haikali, amma son mulki da son kuɗi suna nan daram cikin zuciya.

Yesu a Shirayin Sulemanu

Yanzu mu koma ga karatunmu. Kusan shekara ɗari biyu sun wuce. Lokacin sanyi ne, sanyin Urushalima kuwa da ruwan sama yake zuwa, ba irin busasshen hunturunmu ba, Yesu yana zagawa a Shirayin Sulemanu, wata doguwar rumfa mai ginshiƙai a gabashin farfajiyar Haikali. Gari duka yana tunawa da Yahuza Makabi, sojan Roma kuwa yana tsaye a kagara yana duban Haikali. Sai mutane suka kewaye Yesu suka ce ya daina ja musu rai, in shi ne Almasihu ya fito fili ya faɗa. Ba wuya mu gane irin Almasihun da suke jira a makon nan. Guduma ta biyu suke so.

Yesu ya amsa musu da zancen makiyayi. Ya ce tumakinsa sun san muryarsa suna binsa, yana ba su rai madawwami, ba kuwa mai iya fizge su daga hannunsa. Ya kuma shaida ɗayantakarsa da Uba. Nan take suka ɗebi duwatsu. A gane dalilinsu: idin da suke yi na tunawa ne da wani sarki ɗan adam da ya kira kansa allah. Shi ya sa Yesu ya ce su duba ayyukansa. Antiyokus ya ɗaukaka kansa ya zubar da jinin mutane. Yesu ya ƙasƙantar da kansa, ya buɗe idon makaho, yana kuma kan hanyar ba da jininsa domin mutane.

Cikin aya 36 Yesu ya ce shi ne wanda Uba ya keɓe ya aiko duniya. A tsakiyar idin keɓe bagade ya yi wannan magana. Tun cikin sura 2 Yahaya ya riga ya gaya mana jikin Yesu shi ne Haikali na gaskiya. Annabin da kakanninsu suka ajiye duwatsu suna jira yana tsaye a gabansu, amsar da ya kawo kuwa ita ce kwanan hadayun bagade ya kusa cika, gama hadaya ɗaya tana zuwa wadda ba za a maimaita ba. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu Romawa suka ƙone Haikalin, har yau ana ganin siffar alkukin da suka kwasa a sassaƙe jikin Ƙofar Titus a birnin Roma. Hadayar Almasihu kuwa ba mai iya ƙazantar da ita.

Yahudawa masu bin Almasihu

Manzanni duka Yahudawa ne, Ayyukan Manzanni 5:12 kuma ta nuna ikilisiya ta fari tana taruwa a Shirayin Sulemanun nan. A zamanin baya bayan nan Yahudawa masu bi sun sāke haɗa kansu. An kafa ƙungiyarsu a Ingila a 1866. Yusufu Rabinowitz ya kafa taron masu bi a garin Kishinef a 1884. Ta Amurka ta tashi a 1915. Suna kiran Yesu da sunansa na Ibrananci, Yeshuwa, suna kiyaye Asabar da idodin kakanninsu. Zamansu ba mai sauƙi ba ne. Manyan rassan addinin Yahudanci ba su yarda cewa bangaskiyarsu Yahudanci ce ba, a 1989 kuma Kotun Ƙoli ta Isra'ila ta yanke hukunci cewa Bayahuden da ya gaskata da Yesu ya shiga wani addini dabam. Tarihi kuma ya shaida cewa masu kiran kansu Kirista sun tsananta wa Yahudawa ƙarni da yawa, har suna tilasta wa masu tuba su yar da duk al'adar gidansu.

Saboda haka in mai bi Bayahude ya kunna fitilar Hanuka, abu biyu yake shaidawa: bai rabu da jama'arsa ba, ya kuma sami Almasihun da jama'arsa take jira. Idan ya ɗauki shamash, yakan tuna da Markus 10:45, da wanda ya zo domin ya yi wa mutane hidima ya ba da ransa fansa. Sauran fitilu takwas ba su da wutar kansu, daga mai hidima suke samu. Sukan kuma tuna cewa da nufin Antiyokus ya cika, da ba Haikalin da Yusufu da Maryamu za su kai jaririn, ba Saminu da Hannatu masu jira a can. Allah ya tsare jama'ar nan domin ya cika alkawarin da ya yi wa Ibrahim da Dawuda.

Mu fa?

Mu al'ummai ba a ɗora mana kiyaye wannan idi ba. Taron Urushalima cikin Ayyukan Manzanni 15 ya warware wannan, Kolosiyawa 2:16 kuma ta hana mu hukunta juna a kan idodi. Amma Romawa 11 ta tuna mana cewa mu rassa ne da aka ɗaura a jikin zaitun, kada mu yi wa saiwa fariya.

Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa su ne Haikalin Allah, Ruhu Mai Tsarki yana zaune cikinsu. To, ɗan'uwana, 'yar'uwata, in Ubangiji ya shiga farfajiyar zuciyarka yau, me zai tarar? Haikalin Urushalima bai cika da ciyawa dare ɗaya ba. Da sayen matsayi aka fara, da jin kunyar alamar alkawari, da barin bagade don kallon wasa. Shugabannin ikilisiya, ku tuna da Yason da Menelawus a lokacin zaɓe. Dattawa, ku tuna da Ele'azara, gama yara suna kallon abin da kuke yi a kasuwa da ofis. Ku da kuke shan tsanani saboda sunan Yesu, ku tuna wanda ya ce ba mai fizge ku daga hannunsa shi ne ya umarci Bitrus ya mai da takobi kube.

Kai kuma da kake ganin manka ya ƙare, bangaskiyarka ba ta fi ta kwana ɗaya ba, kada ka jira sai tulu ya cika. Kawo abin da ya rage, ka furta zunubinka, ka sāke miƙa kanka gare shi yau.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin ka tsare jama'arka cikin kwanakin duhu har ka aiko mana Mai Ceto. Ka tsarkake zukatanmu da jinin Ɗanka, ka kawar da kowane gunki daga cikinmu, ka sa haskenmu ya riƙa ƙaruwa kowace rana. Ka tuna da 'yan'uwanmu Yahudawa masu bi, ka ƙarfafa su. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.